Akwatin kwamfutata: roba daga Helsinki, ƙarfe daga Dilimi

Ƙanena, ina gaisuwa. Ka gaida min Inna, ka ce mata tun da na ɗanɗani hunturun Finland na daina cika baki da sanyin Jos.

Ka tambayi labarin 'yar kwamfutar hannun da nake haɗawa. Kayan ciki sun daɗe da kammala: Raspberry Pi 4 (ƙaramar kwamfuta ce da ba ta wuce tafin hannu ba), allo mai inci 7, ƙaramin kibod da batir. Akwatin da za su zauna ciki ne ya cinye min wata guda.

Akwai wani katafaren laburare a nan, Oodi, da aka buɗe a 2018. Ban da littattafai, har firintar 3D suke da ita. Ka kama layi ta intanet, ka je da zanenka. Ni a manhajar zane ta FreeCAD na yi nawa. Na'urar takan narka zaren roba, ta riƙa shimfiɗa shi bisa-bisa har abu ya tashi, kamar mai ginin tukunya.

Bugun farko laifina ne. Na auna Pi ɗin daidai, milimita 85 da 56, amma na manta kan kebul ma yana son wuri, sai USB ya ƙi shiga. A na biyu ramukan noti suka matse, ashe rami yakan fito ƙasa da yadda aka zana shi. Daga nan na yi hankali: kusurwar da nake shakka kaɗai nake bugawa, minti ashirin na ga gaskiya.

Zaren roba kuwa, ka saya a waya, cikin 'yan kwanaki ya iso. Amma da na nemi wanda zai yanka min falle ɗaya na alminiyon, ya lanƙwasa bakinsa don ya janye zafi daga ƙasan akwatin, kuɗin aikin da aka faɗa min ya kusa na Pi ɗin kansa, kuma sai na jira. Wallahi Dilimi ta Jos na tuna, inda maƙeri zai gama maka wannan kafin ka shanye kunun da ke hannunka. A nan na'ura araha ce, hannun mutum ne tsada.

Batun firintar da kake son saya, kada ka yi gaggawa sai ka tanadi inbata. Babban bugu yakan ɗauki awa tara ko fiye, in aka ɗauke wuta a tsakiya sau da yawa asara ce. Kuma ka nemi robar PETG. Ɗaya robar, PLA, takan fara laushi a wajen digiri 60, in ka bar ta cikin mota a zafin ranar Abuja sai ta lanƙwashe.

Zan turo maka zanen fallen ta WhatsApp. Ka kai Dilimi, ka tsaya a kansa: ramuka huɗu, tazarar milimita 58 da 49, kada a yi da ido. A yi guda biyu, akwai mai tahowa nan bayan Sallah.