Gargaɗi ga masu tsohuwar Benz: sidi 2,800 na biya, tsohon bel aka ɗaura min

Jama'ar Kumasi, musamman masu 207 da 208, ku yi hattara da wani mai kiran kansa fita, wato makaniki, da ke tare mutane a bakin Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota. Sidi 2,800 ya ci min. Sidi 2,800, kuɗin belin fanka da famfon ruwa da fulin da ke ɗaure bel, kuma wallahi ko ɗaya babu sabo a ciki.

Motata 208D ce, irin wadda Turawa ke sa wa gado da wurin girki a baya, ba tirotiro ba ce. Na san motata. Bel ɗaya ne ke juya famfon ruwa da altaneta, in ya tsinke ruwa ya daina zagaye, inji ya dahu. Shi ya sa da na ji bel ɗin yana kuka da sanyin safiya ban tsaya wasa ba, na ce a canza kafin mu kama hanyar Tamale da iyali. To ina sakaci a nan?

Mun wuce Offinso, ba mu kai Akumadan ba, fitilar batir ta kama. Kafin in samu gefen titi allurar zafi ta haye ja, tururi ya turnuƙe. Na kashe nan take. Duk da haka gasket ya ƙone, kan injin ya lanƙwashe, mai ya koma kamar shayi da madara. Surukata na cikin motar, ku duba wannan kunya.

Abin da ke ci min rai, tare muka yi La'asar da mutumin nan. Kafaɗa da kafaɗa. Da aka sallame ya dafa ƙirji ya ce, "Alhaji, ni ƙaninka ne, in na cuce ka wa na cuta?" Ya buɗe kwali a gabana, rubutun Jamusanci a jiki, na taɓa bel ɗin da hannuna, sabo ne fil. Wa zai yi zargi? Ai ba daga sama na tsince shi ba, wani ɗan Aboabo ne ya nuna min shi. "Ni ƙaninka ne." Har yanzu maganar na yi min amo a kunne.

Af, tun kafin sallar ma ya ce in tura rabi ta MoMo, wato ta waya, 1,400, sunan mace ya fito, ya ce maiɗakinsa ce. Sauran 1,400 a hannu na ƙirga masa. Ko bayan sallar ne na tura? Oho, lokacin na jikin saƙon. Shi ne ya ce in je in ci abinci a Kejetia kafin inji ya huce.

Wani fitan daban da ya kwance motar bayan an jawo ta ya nuna min komai. Guntun bel ɗin duk tsaga ne ta ciki, baƙin man takalmi aka goga masa ta waje. Famfon kuwa nawa ne na da, fenti aka fesa masa, har da alamar da na sani a jikinsa. Ba a ko taɓa fulin ba. Sabon da ya nuna min ya koma kwalinsa, yana jiran wani Alhajin.

Na koma inda mutumin ya yi min aikin, masu shagon suka ce ba yaronsu ba ne, inuwa kawai yake sha a nan. Layinsa a kashe. Sidi 2,800, ga kuɗin janwe, ga gyaran kan inji da ban ma san ƙarshensa ba. Hoton saƙon MoMo da na bel ɗin suna nan, zan sa su da zarar na dawo daga ofishin 'yan sanda.

Ku tsaya a kan motarku har a ɗaure, kuma a miƙo muku tsofaffin kayan a hannu kafin ku biya ko pesewa ɗaya.