Kayan jariri a Ingila: abin da zan aiko miki da abin da ba zan aiko ba

Ƙanwata, bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, Allah Ya raba ku lafiya. Jerin kayan da kike so in sayo miki ya iso. Tunda ba ke kaɗai ke turo irinsa ba, duk 'yar uwar da cikinta ya tsufa sai ta tuna da mu na Birmingham, na ga gara in ba da amsar a fili kowa ta amfana.

Keken tura jariri kika sa a farko, to bari mu fara da shi. A nan ana haɗa shi da kwandon kwanciya da kujerar mota a sayar gaba ɗaya, kuma na kamfanoni irin su Silver Cross da Bugaboo da iCandy yakan haura fam 1,000. Macen nan ba don ado take sayensa ba. Ita kaɗai ce da ɗanta, a ƙafa za ta je wajen likita, ta biya kanti, ta zuba cefane a kwandon da ke ƙasan keken, ta lulluɓe shi da ledar ruwan sama, ta tura shi cikin bas. Gefen titi a shafe yake da siminti tun daga ƙofar gida har inda za ta. Ke kuwa layinku yashi ne da kwata, fitarki a adaidaita sahu take, gida kuma ga hannuwa suna jiran a miƙa musu jariri. In na biya kuɗin jirgi na aiko shi, ranar suna za a yi hoto da shi, daga nan ya koma saman durowa. Zanin goyonki ya fi shi amfani nesa ba kusa ba.

Goyon ma yanzu Turawa sun kama shi hannu bibbiyu. Akwai majanyi mai madauri na fam 100 da ɗoriya, har da wuraren da ake ba da hayarsa ana koya wa iyaye ɗaurawa. Abin da na ƙaru da shi a wajensu ƙa'idar sabon jariri ce: a ƙirji ake ɗaure shi tamau, fuskarsa a buɗe inda kina sunkuyawa za ki gan ta, kada haɓarsa ta dannu a ƙirjinsa don tana toshe numfashi. Ki tuna da wannan duk ranar da za ki yafa mayafi ko hijabi a kan goyo. Ɗora jariri tsirara a ƙirjin uwa, fata da fata, shi ne abu na farko da ungozoma ke yi a nan da zarar an haihu. A wani asibiti na Bogota a Kolombiya aka fara amfani da dabarar don bakwaini a ƙarshen shekarun 1970, saboda kwalaben saka jarirai ba su isa ba, kuma ba ta cin ko kwabo.

Kujerar mota daban ce, wannan zan aiko, tunda maigidanki yana da mota kuma hanyar Zariya kuke bi kusan kowane wata. A nan doka ce yaro ya zauna a kujerarsa har ya kai shekara 12 ko tsayin santimita 135. Jariri baya yake fuskanta, aƙalla har wata 15 a sababbin kujeru, saboda kansa ya fi ƙarfin wuyansa. In aka taka birki da ƙarfi, bayan kujerar ne ke tallafe kai da wuya. Hannun uwa ba ya iya riƙe yaro a lokacin karo, komai son da take masa. A kujerar baya za ku ɗaure ta, kada a sa ta a gaba inda jakar iska za ta fashe a kanta. Tana cikin kayan da ake cewa kada a saya gwanjo sai an san tarihinta, domin wadda ta taɓa haɗari tana iya tsagewa ta ciki ido bai gani ba. Akwai mai kyau da ba ta kai fam 100 ba, kuma duk wadda ke kanti ta ci jarrabawar doka, tsada ba ta nufin ta fi tsaro.

Inda na fi so ki natsu shi ne kwanciya. Gadon da kika turo hotonsa, mai matasai zagaye da labule da 'yan tsana, irinsa ne ma'aikatan lafiya a nan ke cewa a kwashe komai daga ciki. Abin da suke so katifa ce mai tauri, shimfiɗaɗɗiya, da zanin gado da ya kama ta, shi ke nan. Ba filo, ba bargo mai nauyi har yaro ya shekara. A rigingine ake kwantar da shi kowane barci, dare da rana, a ɗaki ɗaya da uwa tsawon wata 6 na farko. Wannan ya samo asali ne daga 1991, lokacin da wata mai gabatar da shirin talabijin, Anne Diamond, ta rasa ɗanta yana barci, ta tsaya kai da fata har aka yi gangamin kwantar da jarirai a bayansu, mutuwar fuju'a ta jarirai ta ragu ƙwarai a ƙasar. A Amurka kuwa, a 2019 kamfanin Fisher-Price ya janye wani gadon lilo mai gangare, guda miliyan 4.7, bayan mutuwar jarirai a cikinsa, a 2022 kuma aka haramta irinsa da matasan zagaye gado. Irin waɗannan kaya da aka kora daga can suna iya biyo dilar gwanjo su zo mana, don haka in kin gan shi a kasuwa da araha, ki wuce. Na san mu da jariri gado ɗaya muke kwana saboda shayarwa. To a janye filo da bargon manya daga kusa da shi, kada a sa yayyensa a gadon, kada kuma barci ya ɗauke ki da shi a kan kujerar falo, wannan ya fi komai haɗari.

Sai zafi. Ɗakin jariri a nan digiri 16 zuwa 20 ake so, kuma ko da wannan sanyin ba a sa masa hula a cikin ɗaki, domin ta kai yake fitar da zafin jiki. Ke watan Afrilu za ki haihu, lokacin da Kano ke haura digiri 40, amma jerinki cike yake da hula da safa da shawul mai gashi. Ki taɓa ƙirjinsa ko ƙeyarsa. In da gumi, a rage kaya. Hannu da ƙafa dama sukan yi sanyi, ba da su ake aunawa ba. 'Yan riguna na auduga marasa nauyi zan zuba miki, suna da araha a nan tunda ba a ɗora wa tufafin yara harajin saye. Kada ki tara masu yawa na farkon haihuwa, kafin a yi arba'in sun matse shi. Abin da ba a sayarwa a kantin jarirai na nan, ke kuma ya fi miki gado muhimmanci, gidan sauro ne mai magani. Ki karɓa wajen awo, ki kuma riƙa shan maganin riga-kafin zazzaɓin da suke ba masu ciki.

Akwai abubuwan da na tsallake da gangan. Keken koyon tafiya Kanada ta haramta shi tun 2004 saboda faɗuwa da ƙuna, kuma ba ya sa yaro tafiya da wuri. Hoda ba a so kusa da hancin jariri. Kafur da muke zubawa a akwatin kayansa yana iya fasa jinin wasu jarirai ya jawo shawara mai tsanani, musamman maza. Zuma sai ya shekara. Kwalli kuwa don Allah ki roƙi Hajiya a haƙura da shi: a 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a Boston da aka samu dalma a jininsa, da aka auna kwallin da ake sa masa sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon bayani.

Madarar gwangwani ma ba zan aiko ba. Ingila na cikin ƙasashen da shayarwa ta fi ƙaranci a duniya, ungozomomi kullum roƙon mata suke su ba da nono, mu da muka gaji abin bai kamata mu sake shi ba. Ki ba shi dakashi tun sa'ar farko, kada a zubar, nono zalla har wata 6, ko ruwa ba ya buƙata duk zafin gari. In larura ta sa sai an haɗa da madara, dokar nan ta tilasta duk madarar farko ta cika ma'auni ɗaya, mai tsada da mai araha, an kuma hana tallarta. Garin ba tsarkakakke ba ne daga ƙwayoyin cuta, shi ya sa ake dama shi da tafasasshen ruwan da bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, a huce sannan a ba shi, a kuma tafasa fida kowane lokaci. Injin tatsar nono na hannu zan sa miki, tunda za ki koma aiki, ba ruwansa da wuta. Pampas ki saya a gida. A nan ma yawancinmu na kantin Aldi ko Lidl muke saye, jariri kuma kan ɓata 10 zuwa 12 a yini a farko, ba abin da za a yi wa dakon jirgi ba ne.

Abin da na fi yi miki kwaɗayi ba ya shiga akwati. Bayan an sallame ki, ungozoma ce ke biyo ki har gida. Tawa ta zo da jaka a kafaɗa, ta cire takalmi a ƙofa, ta tuɓe yarinyar ta ɗora a sikeli, ta kai ta bakin taga ta duba idonta da dasashinta ko akwai shawara, sannan ta zauna ta kalli yadda take kama nono ta gyara mini riƙo. A kwana na 5 ta tsaga dunduniyarta kaɗan, ta ɗiga jini a da'irori huɗu a kan wani kati. Da wannan katin ake gano cututtuka da dama, har da sikila, kuma yaron da aka samu da ita ana fara ba shi fenisilin kafin ya wuce wata 3, tun ciwo bai taso ba. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan haihuwar masu sikila, amma mu sai yaro ya fara kumburin hannu ake ganewa. Ke da maigidanki kun san rukunin jininku. In akwai AS a tsakani, ki nemi a gwada jaririn a babban asibiti da wuri. Ana kuma ba kowane yaro wani jan littafi da ake rubuta nauyinsa da alluransa. Allurar BCG ba kowa ake yi wa a nan ba, sai irin 'ya'yanmu da iyayensu suka fito daga ƙasashen da tarin fuka ya yi yawa. Ku a gida tun haihuwa ake yi, sai a koma a mako na 6 da 10 da 14. Ki adana katin nan kamar takardar gida. Cibiya a nan barinta ake ta bushe da kanta. A gida kuma man kulohezidin da ake bayarwa a asibiti za ki shafa, ban da gashi da tsumma, ban da man goge baki.

Kada ki ɗauka komai daɗi ne. Mai ciki tana samun magani da likitan haƙori kyauta har shekara guda bayan haihuwa, amma tallafin kuɗin yara bai shafi yawancin masu bizar karatu ko aiki ba, alhali sun biya kuɗin lafiya mai yawa kafin su shigo. In haihuwa ta zo da sauƙi, cikin yini ɗaya an sallame ki. Hutun miji mako 2 ne. Daga nan ke kaɗai ce a ɗaki, hunturu ya sa duhu tun ƙarfe huɗu na yamma, ba mai dama miki kunu, ba mai karɓar yaro ki runtsa. Na ga 'yan uwanmu da ciwon damuwa ya kama bayan haihuwa saboda wannan kaɗaici. Rahoton MBRRACE na 2018, mai bin diddigin mutuwar masu ciki da masu jego a ƙasar nan, kuma ya nuna baƙar mace ta ninka farar mace sau biyar wajen haɗarin mutuwa a dalilin ciki da haihuwa. Tazarar ta ragu, amma ba ta gushe ba. Shi ya sa nake gaya wa duk wadda ta zo nan da ciki ta buɗe baki ta nace in ta ji ba daidai ba, ta nemi tafinta in Turanci bai zauna ba, haƙƙinta ne. Ke da za ki tafi wankan gida, kwana arba'in ana yi miki hidima, kin samu abin da fam ba ya saye. Sai dai a sassauta zafin ruwan, a rage kanwa a kunu, domin tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta su da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. In kika ga ƙafa na kumbura ko numfashi na yi miki wuya in kin kwanta, asibiti za a nufa.

Zan haɗa miki da ma'aunin zafin jiki na zamani guda biyu, ɗaya a jakarki ɗaya a ɗakin Hajiya. A hammata ake sawa. Jaririn da bai kai wata 3 ba, in ya nuna digiri 38, ko ya ƙi kama nono, ko idonsa ya yi rawaya a ranar farko, ba a jiran gari ya waye, ba a kuma fara ba shi magani a gida. Kuɗin keken nan kuwa zan turo miki su a asusu. Ki ware na sikanin da na gwajin jini, ki ajiye sauran don motar dare, maigidanki kuma ya yi magana tun yanzu da mutum biyu da jininsu ya dace da naki ko da za a buƙata. Ki gaida Hajiya da kyau, ki karanta mata wajen kwalli da kanwa a hankali, zan kira ta da kaina ranar Juma'a mu ƙarasa maganar.