Milimita 130 ko 150: kwatanta kekunan dutse biyu masu shokazoba gaba da baya

Ɗan'uwa, tambayar da ka kawo ita ce ka tsaya tsakanin kekuna biyu, dukansu na alminiyom kuma masu shokazoba gaba da baya. Na farko yana lotsawa milimita 140 a gaba da 130 a baya, tayoyinsa inci 29 ne duka biyu, wuyansa, wato bututun firam da ke riƙe da kan keke, ya kwanta digiri 65.5, nauyinsa kimanin kilo 14. Na biyu yana da 160 a gaba da 150 a baya, tayar gaba inci 29 ta baya 27.5, wuyansa digiri 64, nauyinsa kilo 15 da rabi. Ka ce kana yin awa biyu zuwa uku a kan keke, hawanka dogo ne, gangarenka akwai duwatsu da saiwoyi amma ba ka yin manyan tsalle-tsalle, kuma har yau keken da ka sani shi ne wanda bayansa ba shi da shokazoba. A ganina na farko ne naka, kuma dalilin yana cikin yadda aka zana firam ɗin fiye da milimita ashirin ɗin da ido ke fara sauka a kansu.

Dukansu suna cikin rukuni ɗaya, sai dai ɗaya yana tsakiyarsa ɗaya kuma yana bakin iyakarsa. Kekunan tsere na hawa da gangara sukan tsaya a milimita 100 zuwa 120, na enduro, wato tseren da gangara ce aka fi auna wa lokaci a cikinsa, sukan kama daga 160 zuwa 180, na gangare zalla kuma wajen 200. Tsakanin 120 da 150 ne ake samun keken da ake so ya yi komai daidai gwargwado. Saboda haka na biyun nan taki ɗaya ya rage masa ya zama keken enduro, kuma halinsa a kan hanya haka yake nunawa.

Kusurwar wuya ita ce ta fi raba su. Duk lokacin da wuyan keke ya ƙara kwanciya, wato adadin digirinsa ya ragu, tayar gaba tana ƙara yin nisa da mahayi, kuma digiri ɗaya da rabi tare da fok (ƙafafun da ke riƙe tayar gaba, inda shokazobar gaba take) mai ƙarin tsawo sukan ƙara wa tazarar da ke tsakanin tayoyin biyu santimita biyu zuwa uku. A gangare mai tsini, wannan ne yake sa mutum ya daina jin kamar zai kifa ta saman kan keken, kuma idan gudu ya yi yawa a kan duwatsu keken ba ya rawar kai. Amma abin da ya ba ka da hannun dama yana karɓa da hagu. Idan ana hawa a hankali, tayar gaba mai nisa takan yi ta karkata hagu da dama kamar ba ta san inda za ta ba, a kwana mai matsi kuma sai ka buɗe ta tun daga nesa. Akwai kuma wani abu da sababbin mahaya ba su cika lura da shi ba, wato keke mai wuya digiri 64 yana buƙatar ka jingina nauyinka a gaba da gangan, in ba haka ba tayar gaba za ta zame a kwanar da ƙasarta take shimfiɗe. Wanda ya saba da komawa baya idan ya tsorata, kamar yadda yawancinmu muka saba a kan tsofaffin kekuna, shi ne wannan ya fi kamawa. Na farkon, mai digiri 65.5, yana ɗora nauyi a kan tayar gaba ba tare da ka yi wani ƙoƙari ba, kuma wannan yafiya ce babba ga wanda yake koyon sabon nau'in keke.

Ba ka faɗi kusurwar bututun sirdi ba, amma ka duba ta kafin ka yanke shawara. Kekunan yanzu sukan kasance tsakanin digiri 76 da 78, kuma idan ta miƙe haka mahayi yana zama saman feda maimakon bayanta, abin da yake hana gaban keke ɗagawa a hawa. Ka tuna cewa adadin da ake rubutawa na keken da ba a hau ba ne. Da zarar ka zauna bayan ya lotsa, kusurwar ta ragu, kuma mai 150 ya fi lotsawa.

Wannan ya kawo mu ga saitin shokazoba, wanda a wurina ya fi zaɓin keken kansa muhimmanci, domin na sha ganin keke mai kyau yana tafiya kamar amalanke saboda mai shi bai taɓa auna iskarsa ba. Ƙa'idar ita ce idan ka hau da kayan da kake hawa da su ka zauna shiru, shokazobar baya ta nutse kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na tsawon sandarta, ta gaba kuma kashi 15 zuwa 20. Idan sandar ta baya tana shiga milimita 50, kamar yadda aka saba gani a kekunan 130, zoben robar da ke jikinta ya kamata ya matsa kimanin milimita 15. Idan 60 ce, kamar a wasu kekunan 150, sai ya matsa 18. Wannan lotsawar ta farko ita ce take ba taya damar miƙewa ta bi rami maimakon ta rabu da ƙasa, kuma daga nan ne riƙon ƙasa yake fitowa, a birki da kwana da hawa. Ana yin saitin da ƙaramin famfo na musamman mai agogo, na taya ba ya yi. Bayan iska sai maɓallin da yake tsara saurin dawowar shokazoba: idan ta dawo da sauri keken zai riƙa harbinka daga baya, idan ta yi nawa kuma za ta riƙa nutsewa dutse bayan dutse har ta ƙare.

A kan hanya, mai 130 yana da abin da mahaya ke kira rai. Kana danna shi cikin ɗan kwari yana mayar maka da ƙarfinka ya zama gudu, kana ɗaga gabansa ka tsallake saiwa ba tare da wahala ba, kuma kana jin ƙasar da ke ƙarƙashinka. Mai 150 yana haɗiye abubuwa. Inda na farko zai sa ka zaɓi layin da za ka bi tsakanin duwatsu, na biyu zai bar ka ka bi ta kansu, hannunka da cinyarka kuma ba za su gaji da wuri ba a gangare mai tsawon minti goma ko fiye. Sai dai ba ya nuna wannan baiwar sai gudu ya kai wani mataki. A hanya mai sauƙi yakan zama kamar babbar mota a cikin lungu, kome yana tafiya lafiya amma babu armashi. Tun da ka fito daga keke mai busasshen baya, ko 130 ɗin za ka ji shi kamar katifa a makonnin farko.

Batun nauyi ba shi da girman da ake ba shi. Idan mahayi kilo 75 ne, shi da kekensa sun kusa kilo 90, ƙarin kilo ɗaya da rabi bai kai kashi biyu cikin ɗari ba. Abin da yake sa na biyu ya yi nauyin tuƙi a hawa shi ne tayoyinsa, domin irin waɗannan kekuna sukan zo da taya mai kauri da roba mai laushi da manyan haƙora, wadda take manne wa ƙasa a gangare kuma take shan ƙarfin ƙafa a ko'ina. Idan aka sa wa kekunan biyu taya iri ɗaya, bambancin hawansu zai ragu. Faɗin inci 2.4 ba tare da tif a ciki ba ya wadatar wa dukansu.

Girman tayar baya ma yana da tasiri. Inci 29 ta fi mirginawa a kan gargada, ta fi riƙe gudu, kuma ta fi kama ƙasa a hawa. Ƙaramar ta 27.5 tana sa keke ya fi saurin kwantawa a kwana, kuma tana ba gajeren mutum sarari ya sauke jikinsa a gangare ba tare da taya ta buge shi ba. Ga doguwar tafiya irin taka, babbar ta fi amfani.

A fok, kaurin sandunan ne abin dubawa. Fox 34 da RockShox Pike su ne aka saba gani a kan kekunan 130 zuwa 140, Fox 36 da Lyrik kuma a kan na 150 zuwa 160. Mai kauri ba ya lanƙwasa idan an taka birki da ƙarfi cikin duwatsu, kuma mutum mai jiki sosai zai ji bambancin, amma mai matsakaicin nauyi da ba ya tsalle da wuya ya kai siririn fok ɗin iyakarsa. Giya kuwa kusan ɗaya ce: faranti ɗaya a gaba mai haƙora 30 ko 32, faranti sha biyu a baya, masu haƙora 10 zuwa 51 idan Shimano ce, 10 zuwa 52 idan SRAM ce. Sirdin da ake saukewa da maɓalli daga kan keke dole ne a kan kowannensu, kuma ka nemi mafi tsawon saukar da firam ɗinka zai ɗauka.

Kada sunan tsarin shokazobar baya ya ruɗe ka, ko na Horst ne, ko VPP, ko mai mahaɗa ɗaya. Kowannensu ana iya zana shi yadda jan sarƙa zai hana baya lilo lokacin da ake tuƙa feda, kuma kowannensu ana iya ɓata shi. Abin da za ka gwada da kanka shi ne ka hau tudu a zaune, shokazoba a buɗe, ka ga ko keken yana sunkuyawa da kowane taki. Abin da zai zama sabo a gare ka, ko wanne ka ɗauka, shi ne kulawa: boris ɗin mahaɗan firam suna cinyewa kuma ana sauya su, sannan RockShox na ba da shawarar a buɗe ƙasan fok a sauya mai bayan kowace awa 50 ta hawa.

Zan sauya shawarata zuwa na biyu ne kawai idan mafi yawan hawanka zai koma wuraren da mota ko lilon igiya ke kai mutum saman dutse ya gangaro, ko kuma idan kana da niyyar fara tsalle da faɗowa daga tudu mai tsayin ƙugu. Idan sau biyu ko uku ne a shekara za ka je irin wurin, na farko zai kai ka ya dawo da kai, sai dai ka rage gudu a wasu wurare. Idan ka ɗauke shi, ka tabbata birkinsa mai fistin huɗu ne, kuma idan faifan birkin gaba milimita 180 ne ka mayar da shi 200 bayan ka duba cewa fok ɗin ya yarda da wannan girman, domin a dogon gangare zafin birki yakan riga shokazoba nuna gazawa.