AC ɗin tsohuwar mota ya daina sanyi: gas za ka saya ko kwamfiresa?

Da zarar Maris ya kama garejin masu gyaran AC cika yake maƙil, kuma kowa da magana ɗaya yake zuwa, "oga a ƙara min gas". Ni kaina sau uku na ƙara gas a Corolla ta 'yar 2005 cikin bazara ɗaya kafin na farga cewa kuɗina kawai nake zubarwa. Gas ɗin AC ba fetur ba ne da injin zai ƙona, zagayawa yake cikin tiyo a rufe, in ka ga ya ragu to wani waje na yoyo, kuma duk gas ɗin da aka ƙara ta nan zai sake bi ya fita.

Kafin ma a zo maganar sayen wani abu, akwai abin da za ka duba da kanka a ƙofar gida. Ta da mota, buɗe bonet, wani ya danna maɓallin AC kai kuma ka kasa kunne, ya kamata ka ji ƙas, kulocin kwamfiresa, wato na'urar da ke tura gas ɗin cikin tiyo, ya kama kenan. In bai kama ba kar ka yarda a ce ma kwamfiresa ya mutu tukuna, fiyus ne ko rilay sau da yawa, ko kuma gas ya yi ƙasa sosai har suwicin da ke kare kwamfiresan ya hana shi tashi. In kuma motar na sanyi a kan babban titi amma kana shiga cunkoso sai ta fara hura ma iska mai ɗumi, duba fankar gaba da kwandensa, wannan mai kama da lagireto da ke gabansa, ƙurar hunturu toshe shi take yi tamau, wanki da ruwa a hankali kaɗai ya sha gyara wa mutane AC. Iskar ce ba ta fitowa da ƙarfi? Filtar cikin mota, a yawancin Toyota da Honda tana bayan akwatin gaban fasinja, wasu tun da motar ta sauka daga Kwatano ba a taɓa ciro ta ba.

To a ce an duba duk wannan, yoyo ne. Nan za ka gane mai gyara na gaske. Wanda ya san aiki zai ɗura naitirojin ya bi mahaɗar tiyo da ruwan sabulu, ko ya zuba kalar nan da ake haskawa da fitila, in an samu wajen a gyara, sannan ya sa injin zuƙe iska kamar minti 30 ya ga ko allurar ma'aunin matsi za ta tsaya, sai a ɗura gas. Wanda ya ɗauko gwangwani tun kafin ka kashe mota, ka ce masa za ka dawo. Su kuma gwangwanayen da ake cewa suna liƙe yoyo daga ciki, ni dai ban shawarci kowa ba, suna iya toshe bawul ɗin da ke fesa gas su jawo ma aikin da ya fi na farko.

Shi kansa gas ɗin iri iri ne. Yawancin motocin da aka ƙera daga wajen 1994 zuwa farkon shekarun 2010 R134a suke sha, su Camry Big Daddy, Honda EOD, 406, Corolla duk shi ne. Waɗanda suka girmi haka R12 ne nasu, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina yi saboda illarsa ga sararin samaniya, don haka in kana da tsohuwar Marsandi ko Golf ta farkon shekarun 1990 ka karanta takardar da ke manne ƙarƙashin bonet. Juya ta zuwa R134a yana yiwuwa amma sai an wanke tsohon mai an sa wanda ya dace, an canza diraya, wato abin da ke shanye laima a layin gas, da robobin mahaɗa, ba wai a ɗura sabo kan tsoho ba. Takardar nan kuma ita ke faɗin giram nawa motar ke ɗauka, Corolla irin tawa kusan rabin kilo ne, kuma da sikeli ake aunawa. Cika shi fiye da ƙima ba ya ƙara sanyi, wahalar da kwamfiresa yake yi. Sannan kar ka bari a zuba ma R22 na AC ɗin gida don ya fi arha, matsinsa ya fi ƙarfin kayan mota, balle irin na firji R600a da ke kama wuta. Ka nemi a nuna ma tukunyar da idonka, jabu ya yi yawa a kasuwa.

Yanzu babban kashe kuɗin, kwamfiresa. Uku ne a gabanka in ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja. Akwai sabo na asali, Denso ga yawancin Toyota, Sanden ga su 406 da Golf, shi ne kwanciyar hankali amma da yadda dala take wani lokacin sai ka ga kuɗinsa bai dace da motar da ta haura shekara 20 ba, ga kwalin Denso da ba Denso a ciki. Akwai sabo ɗan Chana, yana sheƙi, da arha, wani ya yi ma shekaru wani ko damina ba zai gani ba, sa'a ce kawai. Sai kuma Beljiyam, wanda aka ciro daga motar waje. Ni a tsohuwar mota Beljiyam nake zaɓa, amma da sharaɗi: ka juya farantin gaba da hannu ka ji yana juyawa sumul ba ya cijewa, bakunansa a toshe suke ba a bar su ƙura da laima sun shiga ba, ka ɗan tsiyayo man ciki a farar takarda, in baƙi ne ko kana ganin ƙyalƙyalin ɓurɓushin ƙarfe ajiye musu kayansu. Lambar jikinsa ta yi daidai da ta naka, a kuma yi magana a fili kan kwana nawa za ka iya dawo da shi in bai yi ba, ka tafi da mai gyaranka a yi cinikin a gabansa don kar gobe kowa ya ɗora wa ɗan'uwansa laifi.

Abin da ya fi cin mutane shi ne su sayi kwamfiresa su tsaya nan. In tsohon ya ci kansa ne daga ciki, garin ƙarfen ya riga ya bazu cikin tiyo da kwandensa, ka ɗaura wani ya zuƙo wannan dattin shi ma ya bi sahu cikin 'yan makonni, sai ka koma kana faɗa da mai shago alhali kayansa lafiya lau yake. Dole a wanke layin gaba ɗaya, a sa sabuwar diraya, ita ba a sayen ta hannu ko kaɗan tunda aikinta shanye laima ne, a duba bawul, kwandensa kuwa irin mai sirara siraran hanyoyi ba ya wankuwa da kyau, canzawa ya fi. A kwandensa da diraya sabon Chana ma ya wadatar, ba abin da ke juyawa a cikinsu. Mai kuma PAG ne na R134a, a sa adadin da ya dace.

In yoyon a ebaforeta yake, wato wanda ke cikin dashbod, nan kam ka zauna ka yi lissafi, don a motoci da yawa sai an sauke dashbod ɗin kacokam, aikin yini guda ne, kuma robar da rana ta gasa shekara da shekaru karyewa take yi. Tunda za a buɗe, sa sabo, kar ka sa na hannu a sake saukewa baɗi, ka kuma ce a canza bawul ɗin a lokaci ɗaya tunda yana nan kusa. Ka tsaya a wajen ranar da za a mayar, ka gwada duk maɓallai da fitilun dashbod kafin ka biya ragowar kuɗin aiki.