Kafin ka biya kuɗin tsohon gilashin kyamara

Cikin gilasan kyamarar fim masu tsawon 50mm ko kusa da haka, ni dai nawa shi ne Micro-Nikkor 55mm f/3.5 na Nikon. Don ɗaukar abu daga kusa aka ƙera shi, irin su takardu da zane, shi ya sa kaifinsa ba ya tsayawa a tsakiyar hoto, har kusurwoyi yake kaiwa. Gilashin gabansa yana can cikin rami, rana ba ta cika dukansa ba. Aibinsa ɗaya, ƙofar haskensa ba ta buɗewa sosai, da magariba ta kawo kai sai ka nemi inda za ka jingina kyamara.

Helios-44-2 na tsohuwar Tarayyar Sobiyet yana da araha, amma sayensa caca ne. Canon FD 50mm f/1.8 ba yabo ba fallasa. Super-Takumar 50mm f/1.4 kuwa, da yawansu sun koma ruwan ɗorawa saboda sinadarin thorium da ke cikinsu.

Gwajin kaifi ba wuya. Masana suna ɗaukar hoton wani allon gwaji mai ƙananan layuka, USAF 1951, su ƙirga layi nawa gilashi ya iya rarrabewa a milimita ɗaya, amma jarida ma ta wadatar. Ka manna ta a bango, ka kafa kyamara kan mai ƙafa uku, ka sa fim mai laushi, wato mai fitar da hoto sumul, kamar T-Max 100. Ɗauki ɗaya ƙofa a wangale, ɗaya ka rage ƙofar zuwa f/5.6, ɗaya ka ƙara rage ta zuwa f/8. In an wanke, nagatif ɗin za ka duba da gilashin ƙara girma, ba hoton da aka buga ba. Idan rubutun gefe guda ya fito tar, na ɗaya gefen ya dusashe, wataƙila gilashin ya taɓa faɗuwa ko an kwance shi ba a mayar daidai ba.

Amma kafin jarida, duba fukafukan ƙofar haske, wato ƙananan ƙarafan da ke buɗe ta da rufe ta. Na taɓa sayen ƙanen Micro-Nikkor ɗin nawa, wato 55mm f/2.8 da ya fito a 1979, ashe maiƙo ya malalo musu, ba sa rufewa da sauri. Hotunan sunan ɗan yayata duk suka fito fari fat. Mai kayan ya ce ai haka na gan shi na saya.

Tun daga nan ba na zuwa ciniki ba tocila. Haska ta baya ka leƙa ta gaba: fumfuna kamar saƙar gizo take, hazo kuma kamar tururi. Wanda ya ce maka "gogewa ɗaya ya fita", ka ce ya goge a gabanka. Sai jabu. Ana mayar da gilasan Sobiyet masu araha su zama na Jamus masu tsada: a kankare sunan Jupiter-8 a rubuta Carl Zeiss Sonnar, a mayar da Industar-22 ta zama Elmar ta Leica, wani lokacin har da kyamara mai ruwan zinare. In ka ga Leica tana walƙiya haka, kuɗinta kuma bai taka kara ya karya ba, mayar da kuɗinka aljihu.