Haɗe laburare biyu na harshe ɗaya: yadda ta kaya a Java da yadda ta kaya a D

Malam, ka yi tambaya cewa idan ƙungiyoyi biyu na manhaja mai 'yanci suna rubuta laburare iri ɗaya (wato tarin kod da aka riga aka shirya domin masu rubuta manhaja su ɗauka) domin harshen rubuta manhaja ɗaya, me zai hana su zuba kod ɗinsu wuri guda su huta, tunda kowa yana da izinin kwafa. Maimakon in amsa da ka, bari in jera maka labari biyu kusa da juna, ɗaya an haɗe, ɗaya kuma haɗuwar ta tsaya a rabin hanya.

Na farko na Java ne. A ƙarshen shekarun 1990 kod ɗin laburaren Java yana hannun kamfanin Sun, ba mai 'yanci ba ne. Sai aka samu ayyuka biyu suna sake rubuta shi daga tushe. GNU Classpath ya fara a 1998 a ƙarƙashin gidauniyar manhaja mai 'yanci ta FSF, burinsa ya zama laburaren da kowane injin Java, wato manhajar da ke tafiyar da kod ɗin Java, zai iya ɗauka. Shi kuwa libgcj a kamfanin Cygnus aka haife shi, domin ya yi wa GCJ hidima, wato kwamfailar da Per Bothner ya fara, mai mayar da Java kai tsaye harshen na'ura. Ga azuzuwa iri ɗaya (aji shi ne tubalin da ake gina kod ɗin Java da shi), String da Hashtable da sauransu, mutane biyu suna rubuta kowanne a wuri biyu. A 2000, bayan Red Hat ta sayi Cygnus, aka sanar da cewa za a haɗe.

Na biyu na harshen D ne, wanda Walter Bright ya ƙirƙira. Laburarensa na asali shi ne Phobos. Wasu masu amfani da harshen suka ga gyara yana tafiyar hawainiya, suka fito da nasu mai suna Tango a farkon 2007, dab da fitowar D 1.0. Nan take jama'ar D suka rabu gida biyu.

Mu fara da lasisi, don a nan gizo ke saƙa. Abin da mutanen Java suka fara warwarewa ke nan kafin a taɓa layi ɗaya na kod. Red Hat ta miƙa haƙƙin mallakar libgcj ga FSF, ayyukan biyu suka koma kan lasisi ɗaya: GPL tare da wani keɓewa da ya yarda ka haɗa laburaren da manhajarka ko da wane lasisi take ɗauke da shi. Da zarar mai kaya ya zama ɗaya, ɗaukar fayil daga nan zuwa can ba ya bukatar neman iznin kowa. Akwai ma sharaɗin cewa wanda ya taɓa karanta kod ɗin Sun ba zai rubuta wannan sashen ba, don kada wata rana a tashi da shari'a.

A D ba haka aka yi ba. Tango yana kan lasisin BSD da AFL, Phobos na D2, wato zubi na biyu na harshen, kuma ya koma lasisin Boost. Dukansu masu 'yanci ne, kuma a ido bambancin bai taka kara ya karya ba. Amma BSD yana so a ambaci marubuta ko da manhajar da aka riga aka mayar harshen na'ura kake rabawa, Boost bai nemi haka ba. Walter Bright bai yarda laburaren asali na harshe ya ɗora wa kowane mai amfani wannan nauyin ba. Sauya lasisin Tango kuma sai kowane marubuci ya amince da nasa guntun. Wannan 'yar jimla guda ta tare hanya fiye da duk wata matsalar fasaha. Ni a ganina Bright yana da gaskiya a kan manufar, sai dai an bar maganar ta yi tsami kafin a zauna.

Sai maganar harsashi, wato sashen da ke ƙasa yana magana da na'ura. Classpath yana amfani da JNI, hanyar da Sun ta tsara, ana rubuta sashen da C, kuma tana aiki a kowane inji. Shi libgcj yana da tasa hanyar, CNI, inda ajin Java yake bayyana kamar ajin C++, abin ya fi sauri kuma ya fi daɗin rubutu, amma a GCJ kaɗai yake aiki. Duba String kawai: a Classpath yawancinsa da Java aka rubuta, a libgcj kuwa akwai fayil mai suna natString.cc da ke yin aikin da C++. Ba yadda za ka narkar da waɗannan su zama ɗaya. Dabarar da ta fisshe su ita ce ware ƙananan azuzuwa irin su VMObject da VMClass, kowane inji ya cika nasa, abin da ke sama kuma ya zama na kowa. Inda abin ya gagara, libgcj ya ci gaba da riƙe nasa kwafin.

Kuma kada ka ɗauka dare ɗaya aka yi. Aji-aji aka riƙa bi, ana kwatanta kwafi biyu, a zaɓi wanda ya fi, a kwaso gyaran da ke ɗayan. Gwaje-gwajen Mauve, da ɓangarorin biyu suke amfani da su, sun rage gardama, don gwaji ba ya son kai. Sai a 2005 aka shigo da Classpath ɗungurungum cikin ma'ajiyar kod ta GCC, tarin kwamfailolin GNU da GCJ yake cikinsu. Shekara biyar ke nan daga sanarwa.

A D harsashin ne ya fi yi wa mutane ciwo. Phobos da Tango kowanne yana da nasa fayil na tushe mai suna object.d da nasa mai kwashe shara daga ƙwaƙwalwa, saboda haka manhaja ɗaya ba ta iya ɗaukar su biyun. Ka samu laburaren wani mai kyau, ka buɗe, ka ga Stdout.formatln na Tango a ciki alhali kai da writefln na Phobos kake aiki, shi ke nan, sai dai ka haƙura ko ka sake rubutawa. A 2008 Sean Kelly ya ciro harsashin Tango ya mayar da shi aiki mai zaman kansa, druntime, Phobos na D2 ya hau kansa. Wannan rabin ya yi nasara sosai. Saman ne bai taɓa haɗuwa ba. Daga baya an daidaita Tango ya yi aiki a D2 a matsayin laburare na gefe, amma a lokacin yawancin jama'a sun riga sun koma Phobos.

Wani abin lura: Classpath da libgcj ba su yi gardama kan siffar laburare ba, don Sun ta riga ta rubuta sunan kowane aji da aikinsa, su cikewa kawai suke yi. Phobos da Tango kuwa har a kan ɗanɗano sun saɓa, ɗaya yana son ayyuka sassauƙa, ɗaya yana son tsarin azuzuwa mai hawa-hawa. Idan ayyukan da kake magana a kansu irin na biyun ne, haɗe harsashi kaɗai ya isa buri.

Ƙarshen na Java ma da ban mamaki. Sun ta saki nata laburaren a 2007 a ƙarƙashin GPL da wannan keɓewar ta Classpath, aikin IcedTea ya ɗebi guntayen Classpath ya toshe gurabun da Sun ba ta da ikon saki. Daga nan hankali ya koma OpenJDK, wato wannan Java ɗin da Sun ta saki. Classpath ya tsaya a fitowa ta 0.99 a 2012, aka cire GCJ daga GCC 7. Sunan keɓewar dai har yau yana saman fayilolin OpenJDK.