Sharhi: kwamfutar hannu da ta karɓi Linux ba gardama, da abin da ke sa wasu su ƙi

Kwamfutar tafi-da-gidanka da nake aiki da ita yanzu ba sabuwa ba ce, ta hannu na saya. Irin waɗanda kamfanoni ke raba wa ma'aikatansu ce, idan ta kwana biyu su sallame ta su kawo wata. Fuskarta inci 14, furosesa Intel Core i5 zubi na takwas, RAM gigabayit 16, katin Wi-Fi na Intel, kuma ba ta da katin hoto na daban sai wanda ke cikin furosesan. Na goge Windows na ɗora mata Linux, babbar manhajar tafiyar da kwamfuta da ke maye gurbin Windows, nau'in Linux Mint 22, wadda aka gina a kan Ubuntu 24.04, ake kuma ci gaba da sabunta ta har 2029. Da gangan na ƙi kama sunan kamfanin da ya ƙera ta, domin sunan da ke kan murfi ba ruwan Linux da shi. Kamfani ɗaya yakan fitar da samfuri ɗaya mai suna ɗaya, amma wannan da katin Wi-Fi na wani kamfani, wancan da na wani daban. Sai ka ji mutum biyu suna musu a kan kwamfuta iri ɗaya, ɗaya na yabo ɗaya na tsinuwa, kuma duk gaskiya suke faɗa.

A taƙaice, na gamsu da ita. Tun tashin farko Wi-Fi ya kama, sauti ya fito, Bluetooth ya ga belun kunne, maɓallan ƙara haske da rage murya suka yi aiki, kyamara ta nuna fuskata. Ban buɗe tagar umarni, inda ake rubuta wa kwamfuta umarni da hannu, ko sau ɗaya ba kafin na fara aiki. Wanda bai taɓa faɗawa hannun kwamfutar da ta ƙi Linux ba zai ce mene ne abin mamaki a nan. Ni na taɓa. Wadda na riƙe kafin wannan ta fi ta ƙarfi da kyan gani, amma da an gama ɗora babbar manhaja sai ka tarar babu intanet, kuma direban da zai ba ka intanet ɗin, wato ƙaramar manhajar da ke sa katin Wi-Fi aiki, sai an sauko da shi daga intanet. Sai da na jona waya da kebul na aro mata hanya kafin ta motsa.

Dalilin bambancin ba boyayye ba ne. A Windows, kamfanin da ya ƙera kwamfuta shi ke haɗa direbobin kayan cikinta ya ba ka. A Linux kuwa yawancin direbobi suna cikin zuciyar manhajar kanta, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Idan kamfanin da ya yi wani kati ya sa injiniyoyinsa sun shigar da direbansa cikin wannan zuciya, magana ta ƙare, kowace irin Linux za ta gane shi. Idan bai yi ba, sai dai 'yan sa-kai su yi ta lalube har su gano yadda katin ke aiki, abin da kan ɗauki shekaru. Intel ta daɗe tana rubuta direbobin Wi-Fi da na hotonta a fili. AMD ma ta bi sahu, direbanta na amdgpu ya shiga zuciyar Linux tun 2015. Wasu katunan Broadcom kuwa har yanzu sai an ɗora musu direba na daban wanda ba a buɗe tushensa ba. Na MediaTek da Realtek ya danganta da samfuri da kuma sabuntar zuciyar da kake kai. MT7921 na MediaTek, alal misali, ya samu shiga daga zuciya mai lamba 5.12.

Abin daɗi shi ne a yawancin kwamfutocin ofis katin Wi-Fi ba a liƙe yake ba, ƙusa ɗaya ce ke riƙe da shi a ramin M.2, da ƙaramin sukudireba za ka cire shi ka sa wani. Sai dai a kula: AX200 da AX210 na Intel suna aiki a kwamfutar Intel da ta AMD, amma AX201 da AX211 rabin aikinsu yana cikin furosesan Intel, don haka ba za su tashi a kan AMD ba. Lamba ɗaya ce ta raba su, ta kuma sa mutane da yawa asara.

Batun katin hoto shi ne inda na fi tsayawa kafin na saya. Nvidia ta yi shekaru tana takun saƙa da masu Linux, har Torvalds ya fito fili ya caccake ta a wani taro a 2012. Al'amura sun gyaru sosai tun daga nan: a watan Mayun 2022 kamfanin ya buɗe tushen ɓangaren direbansa da ke hulɗa da zuciyar Linux, ga katunan zubin Turing da waɗanda suka biyo baya, kuma direbobin 2024 sun rage yawan ƙyaftawar fuska a Wayland, sabon tsarin nuna hoto na Linux. Duk da haka, laftof mai katin hoto biyu, ɗaya a cikin furosesa ɗaya na daban, ƙarin abin lura ne. Dole manhaja ta san lokacin da za ta kunna babban katin da lokacin da za ta kashe shi, idan kuma ta kasa kashewa sai batir ya zube, fanka ta yi ta gurnani alhali rubutu kawai kake yi. Ra'ayina shi ne idan ba aikin CUDA kake yi ba, wato horar da ƙirƙirarriyar basira ko lissafi mai nauyi, ba kuma manyan wasanni ne suka dame ka ba, to ka bar katin hoto na daban. Na cikin furosesa ya ishi kallon bidiyo, taron intanet, rubuta manhaja da gyaran hoto na yau da kullum. Ni dai ban taɓa kewarsa ba.

Akwai abin da masu talla ba sa faɗa, kuma shi ne ya fi shafar rayuwar mai laftof: barci. Ka rufe murfi, ka sa ta a jaka, ka buɗe da safe ka same ta yadda ka bar ta. Tsofaffin kwamfutoci suna da barci mai nauyi da ake kira S3, inda komai ke mutuwa sai RAM kaɗai. Sababbi da yawa sun koma wani salo da Microsoft ke kira Modern Standby, wanda a Linux sunansa s2idle, inda kwamfutar ba ta mutu sosai ba, gyangyaɗi kawai take yi. Idan BIOS, wato manhajar da ke cikin babban allon da kayan kwamfutar ke haɗe a kai, ta dace da Linux, wannan salo yana aiki lafiya. Idan ba ta dace ba, za ka ciro ta daga jaka da zafi, batir ya yi rabi. Tawa tana da S3, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa na fifita tsohuwa a kan sabuwa. Dubawa ba wuya: ka rubuta cat /sys/power/mem_sleep a tagar umarni, idan ka ga kalmar deep a cikin amsar to tana da barci mai nauyi.

To ina aibinta? Na'urar karanta zanen yatsa ba ta aiki, ko kaɗan. Manhajar libfprint da Linux ke amfani da ita ta san wasu na'urori, ba ta san wasu ba, tawa tana cikin waɗanda ba ta sani ba. Na haƙura da kalmar sirri. Fuskarta ma ba ta da haske sosai, a waje da rana sai ka nemi inuwa, sifikokinta kuma na jin magana ne, ba na jin daɗin sauti ba. Waɗannan biyun ba laifin Linux ba ne, haka aka ƙera ta. Batir kuwa tsoho na tarar, na sauya shi. Da sabon batir tana kai ni wani dogon zango na rubutu da karatu, amma bidiyo a burauza yana cinye shi da sauri, sai da na tabbatar burauzar tana miƙa aikin bidiyo ga katin hoto ta hanyar VA-API maimakon ta ɗora wa furosesa. Bayan haka fanka ta yi shiru. Na kuma sa TLP, manhajar tattalin batir, ta riƙa tsayar da caji a kashi 80 cikin ɗari, tunda galibi a jone take. Ba kowace laftof ce ke yarda da wannan ba, sai wadda allonta ya ba da dama.

Zubi na takwas da na zaɓa ma da dalili. A nan ne Intel ta ɗaga furosesan i5 na siraran laftof daga ƙwaya biyu zuwa huɗu, don haka tazarar da ke tsakanin zubi na bakwai da na takwas ta fi ta sauran shekaru. Amma wanda ke da ta zubi na shida ko na bakwai kada ya jefar. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma tana neman na'urar tsaro ta TPM 2.0 da furosesa na zubi na takwas zuwa sama, in ban da 'yan ƙalilan. Kwamfutoci masu lafiya birjik sun tsaya a tsakiya, kuma su ne Linux ta fi sani ciki da waje, domin direbobinsu sun daɗe da nuna. Ka ƙara mata RAM, ka sa mata SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri, ta ci gaba da aiki.

A nan ne lissafin ya sha bamban da na Windows: sabuwar kwamfuta fil ita ce ta fi haɗari. Kayan da suka fito wannan watan ƙila sai zuciyar Linux ta gaba za ta gane su. Misali mafi bayyana shi ne kyamarorin da ke bi ta IPU6, sashen sarrafa hoto na Intel, a wasu manyan laftof na 'yan shekarun nan. Kyamarar da ke bi ta USB a ciki tana aiki kai tsaye, waɗannan kuwa sun daɗe suna ba mutane wahala. Idan dole sai sabuwa, to ka haɗa ta da Linux mai saurin sabuntawa kamar Fedora, wadda ke fitowa kusan duk wata shida. Debian 12 tana kan zuciya mai lamba 6.1, Ubuntu 24.04 ta fito da 6.8, kuma wannan tazara kaɗai tana iya raba kwamfutar da ke magana da wadda ta yi gum.

Mai hali yana iya sayen wadda aka ƙera don Linux tun asali. System76 da ke Denver a Amurka tana yin haka, ita ce ma ke da nau'in Linux mai suna Pop!_OS. Akwai Tuxedo a Jamus, Slimbook a Sifen, Star Labs a Ingila. Dell ta fara sayar da XPS 13 mai ɗauke da Ubuntu tun 2012, Lenovo kuma daga 2020 ta fara fitar da wasu ThinkPad da Fedora ko Ubuntu a kai. Framework, wadda ta fito da laftof ɗinta ta farko a 2021, ta gina sunanta a kan cewa kowane ɓangare ana iya kwance shi a sauya. Abin da kake saya a wurin irin waɗannan shi ne wanda za ka kai wa kuka idan abu ya lalace. Ka kuma duba ko kamfanin yana tura sabuntawar BIOS ta LVFS, tsarin da Richard Hughes na Red Hat ya assasa. Tawa tana samu ta nan, da umarnin fwupdmgr kawai, ba sai na nemo Windows don sabunta BIOS ba. Ƙaramin abu ne a ido, amma gyaran barci da na batir sau da yawa ta nan yake zuwa.

Gani ya kori ji, don haka kafin na biya sai da na gwada ta da filash. Kusan kowace Linux tana tashi daga filash ba tare da ta taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba. Ka kunna Wi-Fi, ka saurari sauti ta sifika da ta belun kunne, ka buɗe kyamara, ka rufe murfi ka jira kaɗan ka buɗe, ka jona ta da babbar fuska ta HDMI. Umarnin lspci da lsusb za su zayyana maka ainihin kayan da ke ciki, sai ka nemi lambobinsu a rumbun linux-hardware.org ko jerin kwamfutocin da Ubuntu ta tantance. Idan filash ta tashi amma ba ta ga SSD ba, kada ka firgita, galibi saitin ma'ajiya ne a BIOS, RST ko VMD, a mayar da shi AHCI. Sai dai idan kana son ajiye Windows a gefe, ka shirya ta tukuna, in ba haka ba za ta ƙi tashi. Secure Boot kuwa, saitin tsaro na BIOS, ba sai ka kashe ba, Ubuntu da Fedora da Debian duk suna tashi da shi a kunne. Mai sayarwar da ya hana ka wannan gwaji, kuma bai yarda a dawo da kaya ba, ka wuce shi.

Wani abu da ya faranta mini rai: tsarin allon rubutu na Hausa yana nan cikin saiti, ɓ da ɗ da ƙ suna fita ba tare da na sauko da komai ba.

Akwai waɗanda ba zan ba shawarar bin wannan hanya ba, ko da kwamfutar ta dace ɗari bisa ɗari. Wanda abincinsa ya rataya a kan Photoshop ko Microsoft Office da ake ɗorawa a kwamfuta ya sani babu su a Linux. LibreOffice tana buɗe takardun Word, amma takarda mai tsari da yawa takan karkace. Wasanni sun samu sauƙi tun da Valve ta kawo Proton, mai tayar da wasannin Windows a Linux, a 2018, sai dai irin su Valorant, masu manhajar hana maguɗi da ke shiga can cikin zuciyar Windows, ba sa tashi. Sai kuma kwamfutoci masu furosesan ARM, da batirinsu ke jan hankalin kowa. Masu aikin Asahi Linux sun yi namijin ƙoƙari a kan MacBook masu M1 da M2, ana kuma ta aiki a kan masu Snapdragon X da suka fito a 2024, amma a kan kowane samfuri sai ka bi jerin abin da ke aiki da wanda bai fara ba. Ga mai son gwaje-gwaje wannan wasa ne mai daɗi. Kwamfutar da zan dogara da ita wajen aiki kuwa, a yanzu Intel ko AMD zan sake saya, mai ramin RAM da ake iya ƙarawa, wadda ta yi aƙalla shekara guda a kasuwa.